Daminar da Inna Ta Ƙi Zuwa Kano

Na san abin da kuka taso kuna ji game da rasuwar kakarku, domin ni ma ina jiyo shi ta bayan katanga. Wasu suna cewa tsoron asibiti ne ya kashe ta, irin na mutanen da. Wasu kuma, musamman dangin Baba na Guri, suna cewa bakina ne, wai da na iya riƙe magana ɗaya a cikina da ta ga haihuwarku. Ban taɓa tanka wa kowa ba, don ni ba mai mayar da magana ba ne tun ina yaro. Amma waɗanda suka ga abin da idonsu duk sun kwanta dama, saura ni, ni ɗin ma gwiwa ta fara gajiya. Shi ya sa zan rubuta muku yadda aka yi, ku auna da kanku.

A ƙarshe-ƙarshen mulkin Turawa ne, ina makarantar horon malamai a Kano. Gidanmu yana cikin Haɗejiya. Baba fataucin banda yake yi, ya sayi kifin da masuntan Guri suka ƙyafe, a ɗaure shi cikin tabarmin kaba, a kai tashar Malam Maduri a sa a jirgi. Inna kuwa 'yar Fulanin Kaugama ce, irin waɗanda kakanninsu suka jingine sanda suka kama fartanya, amma kunyarsu ba ta bi shanun ta tafi ba. Ni ne ɗan farinta. Ku da kuka girma kuna hawa cinyar uwarku kuna yi mata musu, da wuya ku gane abin da wannan yake nufi a lokacinmu. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin Iya Tabawa, mahaifiyar Baba, a can na tashi. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Idan dole ta ambace ni, sai ta ce wancan. Idan na shigo tsakar gida sai tukunya ta zama abin kallonta. Ba ƙi ba ne, kowa ya sani. Ranar da aka dafa tarwaɗa za ta ce wa ƙanwata Hansai, "Ɗauke mini kan nan daga gabana, ki ba duk wanda kika ga dama," Hansai kuwa ta san ɗakin da za ta kai.

Na dawo hutu ruwa ya riga ya zauna, kogi ya haura gaɓa ya bazu cikin fadama, masunta suna yawo a kan gora a wuraren da da rani jakuna ke kiwo. Kwana ɗaya da isowata Hansai ta same ni a turken awaki ina karatu, ta tsaya tana murza bakin zanenta.

"Yaya, Inna ba ta da lafiya. Ta hana a faɗa maka."

"Me ya same ta?"

"Nononta ne. Na hagu."

Na tuna na sunkuyar da kai kamar ni aka kama da laifi. Hansai ta ce abin ya fara ne tun bara, ɗan ƙullutu kamar ƙodagon goruba, ba ya ciwo. Matar wanzami ta sa ƙaho, an sha rubutu, an shafa wani ƙulli da aka sayo a kasuwar Jahun. Yanzu ya yi tauri, fatar ta tattare kamar ɓawon lemo, da ƙyar take ɗaga hannu ta yi daka. Da na tambayi Iya Tabawa, sai ta rage murya, ita da ba ta san rage murya ba, ta ce daji ne, kuma ba a kiran sunansa da ƙarfi.

Na san babban asibitin birnin Kano, domin can ake kai mu 'yan makaranta. Na san akwai likitan fiɗa Bature wanda ake zuwa wurinsa daga nesa. A zaure na faɗa wa Baba cewa yanke shi ake yi, kuma gara yau da gobe. Baba bai yi gardama ba ko kaɗan. Ya ce yana da fatoma a Kano, wanda yake saukar masa da banda, ba za a rasa masauki ba. Saura mai jikin ta yarda.

Ga yadda muka yi shawarar, kuma na san za ku yi dariya. Inna tana cikin ɗaki a bayan asabari. Iya Tabawa ta zauna a bakin ƙofa ta miƙe ƙafa. Baba yana tsaye, ni kuma na kifa turmi na zauna can gefe. Kowa yana jin kowa, amma dole magana ta bi ta bakin tsohuwa.

"To, amaryar gida," in ji Iya Tabawa, "ga angona ya zo da ilmin Kano. Ya ce a ɗora ki a jirgi. Ni da na aure shi tun yana tsumma bai taɓa ɗora ni ko a jaki ba."

Sai muryar Inna ta fito ta bayan asabari.

"Iya, a tambaye shi, mace tana iya zuwa da mai jinyarta?"

Na ce wa Iya Tabawa tana iya, ɗakin mata daban yake, masu jinya suna shimfiɗa a baranda, har girki suke yi a gindin bishiya. Tsohuwa ta maimaita, har da ƙarin gishiri.

"Namiji ne zai duba?"

Na ce namiji ne. A nan na ɗauka maganar ta mutu. Amma Inna ta ce lalura ce, ta ji malamai sun ce an yi sauƙi a wurin lalura, Hansai dai ta tsaya a kanta. Ta tambayi ko za a bar ta ta yi salla, na ce ba mai hana ta. Ba ta tambayi zafin wuƙa ba, ba ta tambayi ko za ta tashi ba. Ina so ku riƙe wannan, ku da aka gaya wa tsoro ne. Baba har ya fara lissafin ranar da jirgi ke wucewa, sai ta sake magana.

"Iya, in sun yanke, ina suke kai shi?"

Ban sani ba. Duk shigata asibitin nan ban taɓa tunanin wannan ba.

"Haba," in ji Baba, "ana ta kai wa yake ta kaya? Su kai shi duk inda suka ga dama, ke dai ki warke."

Iya Tabawa ba ta yi dariya ba. Ta dubi ɗanta ta ce, "Kai ba ka shayar ba, rufe mana baki."

"A je a tambayo," in ji Inna. "Wancan ya je. Shi ba ya ƙari ba ya ragi."

Da damina mota ba ta bin hanyar Malam Maduri. Na bi masu jakunan Baba, wani wuri ruwa iya gwiwa, wani wuri iya ƙugu, takalmana a ka. Na hau jirgi na sauka Kano. Abin da ya fi tafiyar wuya shi ne tambayar. Na wuni ina zagaya barandar ɗakin mata ina shirya kalmomi cikin Turanci da Hausa, ko wanne na ɗauko sai in ji ba zai fita ba. Yaya saurayi zai tsaya gaban baƙuwa ya ambaci wannan wuri na jikin uwarsa? Daga ƙarshe wata sista dattijuwa, mutuniyar kudu mai Hausa rangaɗaɗau, ita ta gaji da ganina.

"Kai ɗan makaranta, tun safe kake auna mana baranda. Saye za ka yi?"

Na faɗa mata ina kallon ƙasa. Ba ta yi mini dariya ba. Ta ce in biyo ta. Muka zagaya bayan ɗakin fiɗa, ta nuna mini wani ginin bulo mai ƙofar ƙarfe da dogon bututu, hayaƙi yana fita a hankali. Ta ce likita yana ɗibar ɗan yanki ya sa a kwalba a aika a duba, sauran kuwa nan ake sawa, tare da auduga da bandeji, don kada cuta ta yaɗu. Na roƙe ta ta kai ni wurin likitan. Ta kai ni. Mutum ne dogo mai gajiyayyun idanu, ya saurare ni har na gama in'inata. Na ce za mu zo da ƙyalle mai tsabta, za mu binne nan take, ba wanda zai taɓa. Ya ce ya gane, amma doka ce ta asibitin, ba shi ya kafa ta ba, kuma ba zai yi mini alkawarin abin da ba ya hannunsa ba. Na sake roƙo, ya sake ba ni amsa iri ɗaya. Da zan fita ya kira ni, ya tambayi girman abin da daɗewarsa, sannan ya ce in kawo ta kafin watan nan ya mutu, wannan ciwo ba ya jiran mutum.

Da na dawo Haɗejiya ban wuce gida ba, na fara biyawa ta ƙaramin asibitin garinmu, don ba na son a yi mini tambayar da zan sake cewa ban sani ba. 'Yan ɗakuna ne da disfensa ɗaya mai ba da magani, da masu taimaka masa. Likita ba ya zama, zuwa yake yi rangadi, ya yi kwanaki yana fiɗa ya wuce. Da na yi wa disfensan tambayar, sai ya yi murmushi.

"Malam, mu ina muka ga murhun bulo? Rami muke haƙawa a baya. In masu abu suna son abinsu, sun rage mana aiki."

"Yaushe likita zai zo?"

"Sai hanya ta bushe. Ka tambayi kogi."

Baba yana zaure yana jirana. Na zayyana masa komai. Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya tashi ya leƙa cikin gida, ya dawo ya zauna dab da ni, abin da bai saba ba.

"Idi, saurara. Za ka shiga ka ce sun yarda za su ba ka."

"Baba, ba su yarda ba."

"Na ji. Ka ce sun yarda. In an yanka an yanka. Ka sayi farin ƙyalle, ka naɗe ko ɓawon kabewa ne, ka fita da shi ka dawo. Wa zai tona? Ƙaryar da za ta ceci rai, ko liman ba zai kira ta ƙarya ba."

Kada ku ɗauka Baba mugu ne. Mutum ne da ya ga matarsa tana narkewa, kuma har yau ban iya cewa maganarsa ba ta da kai. Ni ma ba wani tsoron Allah na musamman ne ya hana ni ba. Na dai san ita ta zaɓe ni ta aika, ta kuma faɗi dalilinta a gaban kowa. Uwar da ba ta taɓa roƙona ko ruwan sha ba, abu ɗaya ta roƙa. Na ce masa ba zan iya ba. Ya ce, "To, shiga ka kashe ta da gaskiyarka."

Na koma kan turmina. Na faɗa wa Iya Tabawa batun murhu da bututu, na faɗi batun asibitin gari da jiran hanya, na kuma faɗi gargaɗin likitan Kano kalma da kalma, har sau biyu, don kada a ce na ɓoye wanda ya fi nauyi. Na ƙara da nawa, na ce in da ni za a bi, a tafi Kano gobe. A wannan karon tsohuwa ba ta maimaita komai ba, ba ta kuma yi wasa ba.

"Iya," in ji Inna, "na ji. A ce masa ya kyauta."

"To me kika ce?" in ji Iya Tabawa.

"Naman da Musulmi suka sha suka girma, ba za a sa shi a wuta ina raye ina ji ba. Mu da muke roƙon Allah dare da rana ya tsare jikinmu daga wuta, sai in ɗauki wani sashe in kai da ƙafata? Na haifi bakwai, na binne uku, duk shi suka sha. A jira likitan nan."

"In ya ci ki kafin ruwa ya janye fa?" Baba ya faɗa da ƙarfi, har kaji suka watse.

"To a binne ni gaba ɗaya, Malam. Ka ga an huta da tambaya."

Jiran nan shi ne abu mafi tsawo da na taɓa yi a duniya. Na aika makaranta na nemi izini, aka ba ni. Kullum da hantsi nakan fita bayan gari in dubi hanya, in ga inda ruwa ya tsaya jiya da inda yake yau. Shekarar kuwa kogi ya yi taurin kai. Gero ya fitar da kai, ya nuna, aka fara yanka, ruwa yana nan kwance a kwari. A cikin gida abin ya fashe ya zama gyambo. Hansai tana wanke tsummoki tana shanyawa a bayan ɗaki inda baƙi ba za su gani ba, Iya Tabawa tana turara ɗakin. Inna ta daina daka, ta koma saƙar faifai da hannu ɗaya da haƙori. Ban taɓa jin ta yi nishi ba, sai dai in ga Hansai ta fito da jajayen idanu. Baba ya daina yi mini magana in ban da amsa gaisuwa. Idan muka haɗu a zaure, sai ya dubi hanyar ɗakinta, ya dube ni, ya fita. Akwai ranakun da na yi fatan da na bi maganarsa. Akwai ranar da na je har bakin ƙofarta da niyyar in ce an aiko daga Kano sun sake shawara, na tsaya, na juya.

Sai da aka gama ɗaure dammunan gero motar likita ta shigo gari, duk jikinta taɓo. Wannan likitan saurayi ne, jajir da shi saboda rana. Ya duba ta, Hansai tana riƙe da hannunta, disfensa yana fassara. Da ya fito ya ce mini ciwon ya kai hammata, zai cire abin da wuƙa za ta iya kai wa, sauran ba ya hannunsa. Na tambaye shi da an yi tun da damina fa? Ya ɗaga kafaɗa ya ce wataƙila, wataƙila kuma tun bara ya riga ya wuce. Wannan ita ce amsar da na samu, kuma ban taɓa samun wadda ta fi ta ba.

Da safen da za a yi aikin, tana kwance a kan gadon ƙarfe an lulluɓe ta, na tsaya daga bakin ƙofa kamar yadda na saba. Hansai ta matso kusa don ta karɓi saƙo. Sai Inna ta ture ta da hannun dama, ta juyo da fuskarta ta dube ni sosai. Ban san idanunta suna da ɗan ja-ja irin na Hansai ba sai ranar.

"Kai za ka kai shi," ta ce. "Kai ka fara sha."

Na gyaɗa kai.

Kafin azahar disfensa ya fito da ƙwarya a rufe da faifai. Na riga na tambayi limamin unguwarmu, ya ce a naɗe a farin ƙyalle mai tsabta a binne a maƙabarta, ba wanka ba salla. Baba yana zaune a gindin bishiyar asibiti da carbi. Na tsaya a gabansa ko zai tashi. Bai ɗago ba, ya ce, "Kai ka fara, kai za ka ƙarasa." Na karɓi fartanya a wurin wani manomi da ke hanya na tafi ni kaɗai. Ƙwaryar ba ta da nauyi, abin da ya ba ni mamaki ke nan. Na zaɓi wuri kusa da wata aduwa, ta gefen da aka binne ƙannena. Ƙasar ta fara tauri, hannuna kuma na alƙalami ne, kafin in gama tafina ya yi bororo ya fashe. Na haƙa har sai da ramin ya shanye hannuna zuwa kafaɗa, na sa, na mayar da ƙasa, na jawo ƙaya na rufe.

Sai la'asar ta farfaɗo sosai. Ina baranda, na ji muryarta ƙasa-ƙasa, sannan Hansai ta leƙo tana dariya da hawaye tare.

"Yaya, wai in tambayi wancan, ya yi zurfi?"

"Ki ce mata kura ba za ta kai ba."

Ta koma gida da ƙafarta. Ciwon ya rufe, ta koma daka kaɗan-kaɗan da hannun dama, ta aurar da Hansai, ta ga na gama makaranta an ba ni aji. Ba ta sake yi mini magana kai tsaye ba, ni ma ban nema ba. Damina biyu ta ƙara. A ta uku tari ya kama ta, bayanta ya riƙe, muka gane baƙon ne ya dawo ta wata ƙofa. A wannan karon ba wanda ya ambaci jirgi. Ta rasu a ɗakinta da hantsi, kanta a cinyar Iya Tabawa, wadda ta yi ta faɗa wai yarinya ta yi mata rashin kunya ta riga ta.

Ko da an je Kano da ta ƙara shekara goma? Ban sani ba, likita ma bai sani ba, dangin Guri da suke rantsuwa kuwa ba su fi shi sani ba. Abin da na sani shi ne an shimfiɗa mata komai a gabanta, da mai daɗi da marar daɗi, ta duba ta ɗauki nata da hankalinta. Baba bai taɓa cewa na yi daidai ba, ni ma ban taɓa cewa ya yi kuskure ba. Mun zauna a haka.

Amma ranar da ta rasu, mata suna ciki suna yi mata wanka, masu haƙa suka zo zaure da diga da fartanya suna tambayar inda za su sara. Ga baffanni, ga liman, ga dattawan unguwa, kowa yana jiran Baba ya yi magana. Ya tashi a hankali, ya ratsa su duka, ya zo inda nake tsaye a jikin bango. Ya kama hannuna, irin kamun da bai yi mini ba tun ina ƙarami.

"Idi," ya ce, "wuce gaba. Nuna musu wurin."